Gwiwar Arzika da Gangar Baba Namata

Tun ranar da na dawo daga Dogon Dutsi bakina bai huta ba. A sashenmu na gashin ƙashi kowa sai ya tare ni: "Kabiru, yaya Nijar? Da gaske kallon kokawa ka je da sunan bincike?" A majalisa ma haka, har wani ya ce bai taɓa ganin mai bincike ya dawo da kumatu cikin kwana tara ba sai ni. Na ba da labarin nan ya fi sau ashirin, kuma na lura kullum sai na ƙara masa gishiri. Gara in rubuta shi yanzu, tun ina iya bambance abin da ya faru da abin da na ƙara.

Wanda ya ja ni can abokina ne Iliya, mutumin Dogon Dutsi, Kirista. Aikinmu ɗaya da shi, sai dai su can "kine" suke ce wa mai irin aikinmu. Mun haɗu a wani kwas a Sakkwato shekarun baya, muka zauna ɗaki ɗaya wata uku, tun daga nan zumunci bai yanke ba. Yanzu yana bincike a kan 'yan kokawar ƙasarsu. Yana auna bitamin D a jininsu da kuma alamar kumburi, kafin karawa da bayanta, yana so ya ga ko masu isasshen bitamin ɗin sun fi saurin warwarewa daga gajiya da targaɗe. Ya roƙi in kawo masa 'yar na'urar auna ƙarfin damƙa, in taya shi aiki na sati guda. Amma da muka yi waya na gane ba wannan ne ya fi damunsa ba.

Ya ce, "Kabiru, akwai wani ɗan kokowa nan Kiyeshe, sunanai Arzika. Dut Arewa, ƙasarmu ta Dogon Dutsi, babu awa shi bana. Gwiwatai ta kumbura, ga shi saura kwana takwas a yi kokowa garin Kore Mairuwa. In ya shiga hili da ƙahwar nan, ina tsoron ya gama kokowa ke nan har abada. Ni ba shi jin maganata, tare munka yi kiwon awaki. Kai baƙo na, daga Kano. Wataƙila shi ji taka."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni da nake lallashin tsofaffin Kano masu taurin kai, ɗan kokawa ɗaya ba zai gagare ni ba. Haka na faɗa, da bakina.

Na kwana Sakkwato, da safe na hau motar Illela. A kan iyaka wani jami'i ya buɗe jakata, ya zaro na'urar, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Wagga hwa mi ta?" Na ce ƙarfin hannu take aunawa, mutum ya matsa, allura ta nuna. Ya matsa. Ya dubi allurar, ya kira abokin aikinsa. Kafin in ankara mutum biyar sun kewaye tebur, kowa yana cewa a ba shi ya sake, ɗazu hannunsa da gumi. Shugabansu, wanda suke ce wa shef, ya fito daga ofis ya naɗe hannun riga, ya matsa har jijiyar wuyansa ta tashi, ya wuce su duka, ya tsaya yana hura hanci. Sai wata mai fura da ke zaune a gefe tun ɗazu tana kallo ta ce, "Ku ban in gani." Ta goge hannu a zani, ta matsa sau ɗaya ba ko yamutsa fuska, allura ta wuce ta shef da nisa.

"Ni hatsi ni ka daka tun da asuba," in ji ta, "ku tampo ku ka bugawa."

Shef ya yi dariya har ya dafa bango. Ya buga mini tampon a takardata, wato tambari, ya ce in tafi da abina kafin in zubar masa da mutunci gaba ɗaya. Na sayi furar matar, don ban ga fuskar ƙin saye ba.

Daga Ƙonni, garin farko bayan iyaka, zuwa Dogon Dutsi mu huɗu aka cusa a kujerar mutum uku. Kusa da garin Ɗan Kassari taya ta fashe, jak ɗin direba kuma ya ƙi tashi. Na gyara murya ina jiran a fara yi wa direba wankin babban bargo, don a wajenmu da tuni an tono masa har kakanni. Sai na ga fasinjoji sun sauka ba wanda ya ce uffan, maza suka kama mota suka ɗaga, direba ya sauya taya, wani mai amalanken jaki da ke wucewa ya tsaya ya zubo mana ɗanyar gyaɗa, wadda su suke kira gujiya. Ni kaɗai na yi tsaki a tafiyar nan, kuma na ji kunyarsa.

A gidan Iliya na sauka. Matarsa Madam Rahila, wadda ita ce ke kula da jinin da ake ɗiba a binciken, ta gyara mini ɗaki da sabuwar buta da darduma, shi kuma ya zana mini alƙibla da alli a bango. Bai tsaya nan ba, ya haɗa ni da maƙwabcinsa, wani ɗan kasuwa mai ɗangalallen wando, wanda duk lokacin salla sai ya ƙwanƙwasa ƙofa mu tafi masallaci. Ko a gida ban taɓa samun jam'i a jere kamar na satin nan ba. Abinci kuwa, da safe burodi dogo kamar sanda, mai ɓawon da ke kankare dasashi. Da rana kopto, zogale ne da ƙuli-ƙuli irin kwaɗonmu, sai dai nasu ya fi yaji da albasa, kuma ba a tambayarka ko ka ƙoshi. Da yamma tuwon gero da zabuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsakar rana: gari ya yi tsit, ofis a rufe, kowa ya kwanta. Ranar farko na zauna ina mita a kan ɓata lokaci. Rana ta uku sai da aka tashe ni.

Aikin binciken kansa ya koya mini abin da ba a koyarwa a aji. Ɗan kokawa ba ya wasa da jininsa, don yana tsoron ya faɗa hannun abokin hamayya a yi masa asiri. Saboda haka Iliya ba ya rubuta suna a kwalba sai lamba, kuma kowa da idonsa yake ganin an rufe kwalbarsa an sa a akwatin ƙanƙara. Audugar da aka danne wurin allura ma ba a jefarwa, mai ita ke ƙulle ta a gefen riga ya tafi da abarsa. Na tambayi Iliya, ƙasar da rana ke gasa mutum haka, ina za a sami ƙarancin bitamin D, tunda fata ce ke haɗa shi da hasken rana? Ya ce shi ma bai sani ba, shi ya sa yake aunawa. Bitamin ɗin dai an san yana taimaka wa ƙashi ya yi ƙwari, amma ko yana sa kumburi ya sauka da wuri bayan wahala, masana ba su gama daidaitawa ba, kuma shi ba zai faɗi abin da jini bai faɗa ba. Ya ƙara da cewa in jira in ga inda ake ajiye ɗan kokawa idan karawa ta matso.

Na gani kuwa. Da muka je Kiyeshe a kan babur, a wani ɗaki mai duhu muka sami Arzika, ƙofa a saye da tabarma. Sati biyu ke nan yana ciki, ana ba shi jiƙe-jiƙe, ana tsare shi daga idon mutane. Na sa aka fito da shi tsakar gida. Dogo ne, ƙirji kamar ƙofar rumbu, ga kunya, idonsa a ƙasa. Gwiwar dama ta kumbura, da zafi in ka taɓa. Na kwantar da shi a tabarma, na riƙe ƙwaurin, na ɗan tura gwiwar daga waje, sai na ji ta buɗe ta ciki fiye da 'yar uwarta. Ya cije leɓe bai yi ko tari ba. Iyakar abin da hannu ke iya gaya wa mutum ba tare da hoto ba, jijiyar da ke riƙe gwiwa ta gefen ciki ta yage amma ba ta tsinke ba. Irin wannan in ta sami hutu da motsa jiki a hankali kamar wata biyu, takan warke. In aka murɗe ta a fili da nauyin ƙato, sai abin da Allah ya yi.

Nan na baje kolin ilimi. Na zana gwiwa a takarda, na nuna jijiya, na yi bayanin kumburi, na ce ya riƙa fitowa hantsi yana shan rana, ya bar ɗakin duhu. Duk abin da na faɗa sai ya ce, "To, lokotoro," wato likita. Na ce ba kokawa sai bayan wata biyu. Ya ce, "To, lokotoro." Na hau babur ina jin kaina, har ina ce wa Iliya ai magana ce kawai ba ku iya ba.

Da na ba Madam Rahila labari sai ta ajiye ludayi ta yi ta dariya. Ta ce, da "mushe" ɗinsu na Faransanci mai nufin malam, "Mushe Kabiru, 'to' ɗin nan ni ma ya ce min ita, ya ce ma Iliya, ya ce ma uwatai. Ka tambaye shi ganga?"

Washegari na koma na tambaye shi. Ya daɗe yana wasa da bakin tabarma, sannan ya ce, "Lokotoro, ba ƙarya niy yi maka ba. Yanzu da ni ke zaune nan, wallahi ban da niyyar shiga. Amma in Baba Namata ya buga takena, ba ni ka tashi ba. Sai dai in gan ni tsakar hili."

Na ce to ya zauna gida mana.

"In zamna gida? Sai a ce Arzika ya ji mutanen Ɗan Kassari sun kawo ƙato ya ɓoye ɗaka. Uwata ba ta ƙara zuwa rijiya da kai tashe."

Kwana biyu ina lallashin wanda ba a hannunsa maganar take ba. Kowane ɗan kokawa a can yana da takensa, kiɗan da ake yi masa shi kaɗai, kuma Baba Namata ne makaɗin gidansu Arzika. Muka same shi a gindin bishiya yana ɗaure tsarkiyar ganga, tsoho siriri, ya haura saba'in, idonsa ƙyar a kaina tun daga nesa.

"Kai ne ɗan Kanon da yat taho shi gwada muna rana?"

Na durƙusa na gaishe shi, mutanen wurin suna dariya. Na roƙe shi alfarma ɗaya: ranar Kore Mairuwa ya tsallake taken Arzika. Fara'arsa ta ɗauke.

"Ɗan Kano, ka san mi ka sa a bar take? Mutuwa, ko gudu. Na yi ma kakanai kiɗi, na yi ma ubanai. In gan shi zaune hili in tsallake shi gaban jama'a? To na kashe shi da rai ke nan, ku kuma sai ku gyara gwiwar gawa."

Na laluba aljihu zan fito da zanen gwiwata, sai na ji kunyar takardar. Na ce, "Baba, ni ban iya magana ba. Don Allah taso ka taɓa da hannunka." Ya dube ni, ya dubi Iliya, ya saɓa gangarsa muka tafi. Na ɗora tafinsa a kan gwiwar hagu, sannan a kan ta dama. Ya ce, "Wagga ta yi zahi." Na sa ya riƙe ƙwaurin yadda nake riƙewa, na ce ya tura a hankali. Mutumin da ya shekara hamsin yana gane fatar da ta saki da ɗan yatsa ba ya bukatar a yi masa fassara. Da ya ji gwiwar ta buɗe sai ya janye hannu da sauri. Ya tsaya yana kallon Arzika, Arzika yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Allah shi kai mu," ya ɗauki gangarsa ya fita. Bai ce zai tsallake ba, bai ce ba zai tsallake ba, kuma kwana ukun da suka rage ko zabuwar Madam Rahila ba ta yi mini daɗi ba.

Ranar kokawa bayan la'asar muka isa Kore Mairuwa. Jama'a kamar an yi shela a duniya, wasu a kan amalanke, wasu a kan bishiya, mata da farantan tallan gujiya da rake. 'Yan kokawa sun zauna rukuni-rukuni, kowa ya sha layu da guraye har ba a ganin damtsensa, ga wani ɗan cali-cali, mai ba da dariyar fili, yana kwaikwayon tafiyar kowa. Ni dambe na saba gani a gida, don haka Iliya ya yi mini bayanin ƙa'idar wurin: wanda ya fara miƙo maka hannu a cikin fili, da shi za ka kama, kuma wanda ya sha ƙasa ya gama na ranar. Na hango Arzika a rukuninsu, ƙafar dama a miƙe. Na hango ƙaton Ɗan Kassari a ɗaya gefen, wuyansa da kansa kauri ɗaya. Na ce, "Innalillahi."

An yi karawa biyar ko shida, ban san wa ya kada wa ba, idona yana kan tsoho. Sai ya tako tsakiyar fili, ya gyara ratayar ganga, ya juya ya fuskanci rukunin Kiyeshe, ya buga. Ban taɓa jin taken ba amma na gane shi, don fili ya ɗauka da ihu gaba ɗaya. Na ji haushin tsohon nan har cikin raina, na ce wa Iliya, "Ya taɓa da hannunsa fa! Ya ji!" Iliya ya riƙe mini hannu kawai.

Arzika ya miƙe kamar an ja shi da igiya. Ba ɗan kunyar nan na tsakar gida ba ne, wani mutum ne daban, yana kirari, layu suna kaɗawa, yana ɓoye ɗingishin da ni kaɗai da Iliya muke gani. Ƙaton Ɗan Kassari ya tashi ya tuɓe riga, ya fara takowa.

Sai kiɗa ya tsaya. Baba Namata ya sauke gangarsa ya ajiye a ƙasa. Ya tattare rigarsa ya ɗaure a ƙugu, 'yan ƙwaurinsa kamar karan dawa suka bayyana, ya sha gaban ƙaton da taku uku, ya miƙa wa Arzika hannu biyu.

"Arzika, yau ni ka kama ka."

Arzika ya tsaya yana huci, yana kallon hannuwan nan biyu da suka yi wa ubansa da kakansa kiɗa. Ba zai iya ƙin karɓa ba, kuma duk Arewa ba wanda zai ɗaga wannan tsoho ya buga da ƙasa ya sake shiga mutane. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya kama hannuwan a hankali, ya miƙe ƙafar dama gaba yadda na koya masa zama a gida, ya zame ya zauna daɓas a kan rairayi.

Ihun da aka yi ban taɓa jin irinsa ba. Mata suka rangaɗa guɗa, ɗan cali-cali ya faɗi yana birgima, wani ya faɗo daga amalanke don dariya. Tsoho ya zaga fili yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana dukan ƙirji, sannan ya ɗaga hannu aka saurara.

"Ku ji, jama'a! Na kada Arzika, kowa ya gani! Wanda dut ka son shi, sai shi jira shi rama kayen da niy yi mai tukuna. Kuma ni tsoho na, ba ni kokowa sai wata biyu-biyu!"

Ƙaton Ɗan Kassari ya tsaya sororo, sannan shi ma ya fashe da dariya, ya zo ya ɗauki Baba Namata ya ɗora a wuya ya zaga fili da shi. Iliya ya rungume ni yana ta zuba Faransanci, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ni kuwa kuka na yi, ba zan ɓoye ba, kuka sosai da majina, a gaban mutanen da na zo koya wa ilimi. Na kutsa na isa wurin Arzika, yana nan zaune a rairayi, hawaye a fuskarsa yana dariya. Na taɓa gwiwar, tana nan yadda na bar ta. Ya ce, "Lokotoro, shekara ukku bayana bai taɓa ƙasa ba. Dubi wanda yak kada ni."

Kwana biyu bayan haka na kamo hanyar gida, da ƙullin kilishi da buhun gujiya da ban roƙa ba. Jinin da muka ɗiba yana Yamai, sakamako bai fito ba tukuna, don haka masu tambayata ko bitamin D na sa ɗan kokawa saurin warkewa sai su yi haƙuri, ni ma jira nake. Abin da na sani shi ne Arzika ya bar ɗakin duhu, kullum da hantsi yana tsakar gida yana ɗaga ƙafa yadda muka tsara, kumburin ya sauka, kuma Iliya ya ce gwiwar ta fara riƙewa in an tura.

Shekaranjiya Iliya ya turo mini saƙon murya. Ya ce in saurara, akwai mai magana. Sai na ji tsoho yana tambaya ko abin ya fara ɗauka, sannan ya gyara murya.

"Ɗan Kano, mutane sun dame ni, wai yaushe Arzika ka ramawa. Na ce sai lokotoro ya ce ƙahwa ta warke. To ka duba da kyau, kak ka yi gaugawa. Shekara hamsin ina yi ma wasu kiɗi, sai bana anka yi min take."